Ta yaya za mu shaida bangaskiyarmu ta Katolika a unguwa ba tare da lasifika ba?

Matashin Shiyya:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Shawara nake nema. A majami'armu an raba mu shiyya-shiyya, tamu gida 14 ce, a wata unguwa ta bayan garin Zariya inda yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, sai kuma 'yan'uwa na wasu ɗariku kaɗan. Fada, wato limamin majami'armu, ya ce kowace shiyya ta fito da aikin bishara da za ta riƙe a bana. Matasa suna so a yi hayar lasifika a riƙa fita wa'azi ranar Asabar. Dattawa suka ce wannan neman rigima ne, a tsaya ga kyautata wa mutane. Ni hankalina ya fi kwanciya da maganar dattawa, sai dai ban san ta inda ake kamawa ba, ga shi ba mu da ƙarfi: malaman firamare ne, da leburori, da masu ƙananan sana'o'i.

Da me za mu fara? Yaya ake shiga gidan maƙwabci Musulmi ba a yi abin da zai ɓata zama ba? Sannan abin da ya fi damuna: idan muna ta alheri ba mu ambaci sunan Yesu ba, anya mun yi bishara kuwa?

Baba Katekis:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ikilisiya ta riga ta jera mana ayyukan jinƙai bakwai: ciyar da mayunwaci, shayar da mai ƙishi, tufasar da marar sutura, saukar da baƙo, duba marar lafiya, ziyarar ɗan kurkuku, da binne matacce. Shida daga Matiyu 25 suke, na bakwai daga littafin Tobit. Kada ku ɗauki bakwai ɗin gaba ɗaya, gida 14 ba za su iya ba, wata biyu za ku gaji. Ku ɗauki biyu, dubiya da gaisuwar mutuwa. Ba kuɗi suke ci ba, ƙafa suke ci, kuma zumunta a ƙafa take.

Kafin ku taka ƙofar kowa ku daidaita niyya. A wasiƙarsa Deus Caritas Est ta 2005, sashe na 31, Fafaroma Benedict na 16 ya hana a mai da aikin ƙauna hanyar jawo mutane cikin addini, ya ce ƙauna kyauta ce, ba a yin ta don a cim ma wata manufa. Tun kafin nan, a 1965, Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya, ta haramta tilasta wa mutum ko yaudararsa ya karɓi bangaskiya. Alherin da aka ɓoye wa ƙugiya a ciki, mutum yana jin ta tun bai haɗiye ba, daga ranar kuma ba zai ƙara yarda da ku ba, har da gaisuwarku.

Ga yadda ake dubiya. Mutum biyu ake tafiya, kamar yadda Ubangiji ya aiki almajirai a Luka 10. Ƙungiyar Legion of Mary, wadda Frank Duff ya kafa a Dublin a 1921, a kan wannan take: bibbiyu, awa biyu na aiki a mako, a dawo a ba da rahoto a taron mako. Ku ari tsarin ko da ba ku cikinta. Amfanin biyun shi ne babu mai ƙulla muku sharri, kuma in ɗaya ya yi kasala ɗayan zai taso shi. Maza wajen maza, mata wajen mata. Namiji ya yi sallama ya tsaya a ƙofar gida ko zaure, ya aiki yaro, kada ya kutsa kai ko da an saba. Mata su yafa mayafi. A cire takalmi kafin a hau tabarma, a miƙa abu da hannun dama, kada namiji ya ba matar gida hannu.

Lokacin da ya fi shi ne bayan la'asar, a tashi kafin kiran sallar magariba. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa saukowa daga masallaci a bar mutane. Minti 15 ya isa, marar lafiya ba ya iya korar baƙo, sai ya daure yana wahala. Ku ce sannu, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ku ɗora wa Musulmi hannu a ka ku fara addu'a da ƙarfi, kada ku bar masa rosari, wato carbin addu'armu, ko hoto a ƙarƙashin matashi. Addu'arku ku yi masa ita a gida da wajen Misa, wato babbar ibadarmu a coci. In shi da kansa ya ce ku sa shi a addu'a, ku amsa, ku kuma cika.

In marar lafiyar ɗan Katolika ne, ku tambaye shi ko yana son Fada ya zo, ku sanar da Fada a ranar. Mutanenmu suna jira sai numfashi ya fara sarƙewa, alhali shafewa da mai, wato ibadar da ake yi wa marar lafiya da mai mai tsarki, na duk wanda ciwo ya tsananta masa ne ko tsufa ya kama, kuma Fada ne kaɗai ke yi. A shirya ƙaramin tebur da ƙyalle mai tsabta, da kyandir, da gicciye, da kofin ruwa. Azumin awa ɗaya kafin karɓar Jibin Ubangiji bai hau kan marar lafiya ba.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne baki. Wajen ba da rahoto a ce mun duba gida kaza, ana bukatar kaza, a tsaya nan. Irin ciwon mutum, da yadda ɗakinsa yake, da abin da matarsa ta faɗa, ba na taro ba ne. Sau ɗaya magana ta zaga ta koma masa, ƙofar nan ta rufe muku.

Mama Zumunta:

Baba Katekis ya gama magana kan dubiya, bari in ƙara ta ɓangaren mata, don a Zumuntar Mata Katolika wannan ne aikin kullum.

Ɗana, kada ku fara da karo-karon kuɗi, kuɗi ne ke raba shiyya. Ku fara da hatsi. Kowace mace in za ta auna na tuwo ta ɗebi cikin hannu guda ta zuba a wani kwano daban, ran Lahadi a kawo. Gida guda zai tara fiye da rabin tiya a wata, gida 14 kusan tiya takwas ke nan, cikin wata biyar kun haɗa buhu ba wanda ya ji a jikinsa. A ware masara daban, dawa daban, wake daban. A shanya ya bushe sosai, in kin ciza ƙwayar ki ji ta fashe ƙaras. Wake a sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ƙwayar maganin ƙwarin da ake jefawa a buhu kada a ajiye ta a ɗakin da ake kwana, tana kisa. Mace ɗaya ta riƙe makulli, wata daban ta riƙe littafi.

Kuma kada ku rabar da shi da Kirsimeti, lokacin kaka ce, kowa da ɗan abinsa. Ku riƙe sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba, hatsi ya yi tsada. Rabon ma ba a tara mutane a harabar coci a jera su. Mace ɗaya ko biyu, bayan duhu ya fara, da tiya biyu a cikin jaka a rufe, ta shiga kamar mai zuwa hira, in za ta fita ta ajiye a bayan ƙofa ta ce ga wannan a dama wa yara kunu. Ba hoto, ba Facebook. Matiyu 6 ya ce kada hagunka ta san abin da damarka ke yi, balle duniya. Matar da aka ɗauki hotonta riƙe da ledar shinkafa, kunyar nan ba ta barinta, ke kuma da kika ba ta sai ta riƙa kauce miki a hanya.

Abincin Kirsimeti da na Ista kuwa, in kuna so maƙwabta su ci da kwanciyar hankali, a sayi nama wajen mahaucin da su ma suke saye. In kaza ce ko akuya, a kira maƙwabci Musulmi ya yanka, kowa ya gani. Tukunyar da ta taɓa dafa alade ko burkutu ba ta shiga wannan girki. In duk da haka wani gida ya dawo da kwano, kada ki yi fushi, kada ki kai ƙara ko'ina, gobe ki gaishe ta kamar kullum. In sun aiko da naman Sallah a karɓa hannu bibbiyu, a sa wa yaron da ya kawo albarka. Da azumi mai firij ta riƙa aika ƙanƙara gab da shan ruwa, musamman in ya faɗo cikin zafi. A hana yara cin abu a gaban masu azumi.

Haihuwa: a je barka, a je suna ran bakwai. Sabulu, garin wanki, da itace ko gawayi don ruwan wankan jego sun fi rigar jariri amfani.

Mutuwa ce nake so ku fi mai da hankali. Musulmi ba sa ajiye gawa, cikin 'yan awoyi an kai, don haka da jin labari a tashi. Maza su fito da bencinan shiyya da jakunkunan ruwan leda, su raka, in an tsaya sallar jana'iza su koma gefe su yi shiru, kada su shiga sahu. Mata ba sa zuwa maƙabarta, cikin gida za su zauna. Kwanakin farko gida cike yake, ba a ma san wanda ya zo ba. Bayan sadakar bakwai kowa ya watse, sai a bar matar da marayu. Tana takaba wata huɗu da kwana goma, ba ta fita sai da lalura. A nan ake bukatarku: wa zai kai mata niƙa, wa zai yi mata cefane, wa zai ɗebo ruwa, wa zai raka ƙananan makaranta. Ku raba kwanakin mako a tsakaninku, ku riƙe har ta fita. Gwauruwar cikin cocinmu ma haka, don mu ma da an gama Misar jana'iza an ci shinkafa sai mu manta.

Matashin Shiyya:

Na gode Baba, na gode Mama, na rubuta duka. Saura tambayata ta ƙarshe. Matasanmu za su ce wannan ai kowace ƙungiyar agaji tana yi, ina Yesu a ciki?

Malamin Koyarwar Baftisma:

Ƙanena, matasan suna da gaskiya a wani ɓangare, kada a danne su. Akwai maganar da ake yawan jingina wa Waliyyi Faransis na Assisi, wai a yi wa'azi kullum, sai ta kama a yi amfani da baki. Ba a same ta a rubuce-rubucensa ba, kuma mutane suna fakewa da ita don kada su taɓa buɗe baki. Abin da ya rubuta ya fi wannan amfani gare ku. Ya je Damietta a Masar a 1219 ya gana da Sarki al-Malik al-Kamil ana tsakiyar yaƙi. A ƙa'idar da ya rubuta wa 'yan'uwansa a 1221, babi na 16, ya ba masu zama cikin Musulmi hanya biyu. Ta farko, kada su yi gardama ko jayayya, su yi zaman tawali'u da kowa saboda Allah, kuma su bayyana cewa su Kirista ne. Ta biyu, su faɗi Maganar Allah a lokacin da suka ga Ubangiji yana so. Ka lura, ko a ta farkon bai ce a ɓoye ba.

Fafaroma Paul na 6 ma haka ya tsara a wasiƙarsa Evangelii Nuntiandi ta 1975. A sashe na 21 ya ce zaman Kirista ya kamata ya sa mutane su tambayi kansu me ya sa waɗannan suke haka. A na 22 ya ce shaidar hali, komai kyanta, ba za ta kai ko'ina ba in ba a bayyana dalilinta ba. Wato lasifika tana ba da amsa tun ba a yi tambaya ba, shiru na har abada kuma yana barin mai tambaya a tsaye. 1 Bitrus 3:15-16 ta ce mu kasance a shirye mu amsa wa mai tambaya, da tawali'u da ladabi.

A aikace, kada ku ɓoye gicciyen wuyanku, kada ku fasa alamar gicciye kafin cin abinci don akwai baƙo, in an tambaye ku ina za ku da sassafe ku ce Misa. In wani ya ce me ya sa kuke wahala da mu haka, amsa gajera: Yesu Almasihu ya koya mana cewa abin da muka yi wa marar lafiya shi muka yi wa. Ka tsaya nan. In yana son ƙari zai tambaya.

Ku zauna a shiyya ku koyi amsar tambayoyi uku da ba sa wucewa. Alloli uku kuke bauta wa? A'a, Allah ɗaya ne, da haka Ƙa'idar Bangaskiyarmu ta fara. Kuna bauta wa Maryamu? A'a, girmama ta muke yi, muna roƙonta ta yi mana addu'a, sujada ta Allah ce shi kaɗai. A nan ma akwai wurin haɗuwa, don Alƙur'ani yana da sura sukutum mai sunanta, kuma takardar Majalisar Vatican ta Biyu mai suna Nostra Aetate ta 1965 ta ambaci yadda Musulmi ke girmama ta, ta ce Ikilisiya tana duban Musulmi da mutunci. Siffofin da ke cikin cocinku fa? Don tunawa ne, ba a bauta musu. Abin da ba ka sani ba ka ce sai na tambayi Fada. Kada bakinka ya taɓa Annabinsu ko littafinsu da suka, ko a zaune ko a WhatsApp, ko da an tsokane ka. Rashin ladabi ne, kuma a ƙasar nan yana iya cin ran mutanen da ba su ji ba su gani ba.

Wurare biyu ne ake yin kuskure mai tsada. Na farko yara. Ɗan maƙwabci ko almajiri a ba shi abinci, a biya shi hakkin aikinsa, in yana da ƙazuwa ko gyambo a bi ta wajen iyayensa ko malaminsa. Ba a kai shi coci, ba a koya masa addu'o'inmu a ɓoye. Dokar Ikilisiya kanta, mai lamba 868, tana neman yardar uwa ko uba kafin a yi wa jariri baftisma. Na biyu, babban da ya zo da kansa ya ce yana son ya san hanyar nan. Kada a yi shela, kada a tsai da shi gaban jama'a ya ba da shaida, kada a yi masa alkawarin aiki ko kuɗin makaranta. A kai shi wurin Fada shi kaɗai. Koyarwa tana ɗaukar lokaci, yawanci a daren Ista ake baftismar manya, kuma yana da 'yancin fasawa ba tare da alherinku ya ragu ba. Haka nan ba a yayyafa wa wanda ya suma ruwa a ce an yi masa baftisma alhali bai taɓa nema ba.

In matasan suna son misali na kusa, su dubi Yola. Bishop Stephen Dami Mamza ya sauki 'yan gudun hijirar Boko Haram a babban cocin St. Theresa tun 2014, Kirista da Musulmi. Da dayosis ɗinsa, wato yankin cocin da yake shugabanta, ta gina musu gidaje a Sangere-Marghi, aka buɗe a 2021, an gina coci, an kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Ba wanda ya rasa sanin ko su wane ne suka yi, ba kuma wanda aka ce sai ya sauya addini kafin a ba shi makulli.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ƙarfin matasan nan da ke son fita wa'azi, a juya shi wajen ba da jini. Mata masu haihuwa da yara masu sikila ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna mutuwa saboda rashin ledar jini ɗaya. Mai shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 zuwa sama, in yana da lafiya zai iya bayarwa. Kusan mililita 450 ake ɗiba, namiji yana iya sake bayarwa bayan wata uku, mace bayan wata huɗu. Ku je a gwada rukunin jinin kowa, a rubuta suna da rukuni a littafi guda, mutum biyu su riƙe. A ci abinci a sha ruwa kafin a je. Kada a karɓi ko kuɗin mota daga dangin majiyyaci, shiyya ta biya.

Wajen dubiya kuma, Baba Katekis, a ƙara wannan: a tambayi mai jinya abin da likita ya hana kafin a kai abinci. Lemon kwalba da kunu mai sukari ga mai ciwon sukari cutarwa ce, haka miya mai gishiri da dunƙule ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda. Kada a ba da ragowar magani na gida, kada a ce wa kowa ya bar maganinsa ya dogara ga addu'a. Sau da yawa ma mai jinyar ce ta fi galabaita. A karɓe ta na awa biyu ta je ta yi wanka ta runtsa.

Ɗan Kasuwar Hatsi:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma unguwa ba ranar dubiya take auna ku ba. Mai awo a cikinku ya duba mudunsa, in an buga gindinsa ya shige ciki a jefar da shi, kada a zuba tsohon wake a ƙasa sabo a sama. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Tela ya faɗi ranar da zai iya gamawa da gaske, musamman ɗinkin Sallah. Mai 'yar aiki ko lebura ya biya ranar da aka yi alkawari, Yakubu 5:4 a kan wannan take. Wanda ya ci bashin mai shago ya biya kafin ya fita rabon hatsi. Malamin firamare ya shiga aji a kan lokaci. In akwai mai dukan matarsa ko mai dawowa a buge a cikin gida 14 ɗin nan, dattawa su fara da shi, domin katangar unguwa ba ta tare sauti.

Matashin Shiyya:

Allah ya saka. Ran Lahadi zan kai wa shiyya: dubiya bibbiyu duk Laraba, kwanon hatsi a kowane gida, littafin jini a hannun matasa, da zaman koyon amsa tambayoyi sau ɗaya a wata. Muna tunanin ɗinka riga iri ɗaya mai sunan shiyya don masu fita dubiya.

Mama Zumunta:

A'a ɗana, ku bar rigar. Anko na ranar taro ne a coci. In kuka shiga gidan mutum da riga mai rubutu, ƙungiya ce ta zo, maƙwabta za su leƙo su ce an kawo wa gidan wane taimako. Ku je da kayanku na kullum. Kuɗin ɗinkin a sayi buhunan ajiyar wake da fulas biyu na kai kunu asibiti. Kuma ku gaya wa Fada da mai unguwa kafin Larabar farko.